Turmin Inna da Ƙwan Cakulan

Mahaifiyata ta shekara arba'in da ɗoriya a Makka tana jiran Allah ya ɗauki ranta a nan, sai ga shi wata ranar Talata bayan ƙaramar Sallah ta ɗaure jakarta, ta ce ita gida za ta koma. Gida fa, wai Najeriya. Har rana ta sa: in an sauko daga Juma'a za ta kai kanta tarhil, inda ake tara waɗanda ba su da takarda a mayar da su ƙasarsu. Ba ta da iƙama, wato takardar zama, ba ta taɓa samu ba, don haka ko tikiti ba ta buƙata. Kanta kawai za ta miƙa musu.

Ina 'yar shekara tara muka zo aikin hajji ni da ita, bayan rasuwar mahaifina. Alhazai suka koma, mu muka maƙale. Inna ta kama ɗaki a unguwar Tandabawi, ta sayi turmi da taɓarya a hannun wata Bakatsiniya, ta shiga yin dakuwa. Gyaɗa, aya in an samu, soyayyen garin gero, sukari, citta, barkono, a daka har su haɗe, a dunƙula. Duk alhajin da shinkafar Larabawa ta ishe shi, ɗakinmu yake nema. Da dakuwar nan ta ciyar da ni, da ita ta aurar da ni. Mijina haifaffen nan ne, kakansa ne ya zo da ƙafa ta Sudan, kuma ta dalilinsa na samu takarda. Sau nawa muka ce wa Inna a nema mata, ta ce ita Mai Ɗakin ya san da zamanta, ba ta buƙatar katin kowa.

Da gwiwoyinta suka gaza hawa da gangarar Tandabawi, muka ɗauko ta zuwa gidanmu a unguwar Shisha, bene hawa na uku. Ta zo da jaka ɗaya, da likkafaninta da ta wanke da ruwan zamzam tun ina budurwa, da turmin. Likkafanin muka sa a saman kwabar kaya. Turmin kuwa kwana uku kacal ya yi a kicin.

Maƙwabciyarmu ta ƙasa wata mata ce mai ciwon kai na zaɓe. In 'ya'yanta suna jan kujeru suna buga ƙwallo a falo, kanta garau. Da Inna ta ɗaga taɓarya sai ciwon ya motsa, ta ɗauki sandar goge-goge ta yi ta dukan rufin ɗakinta. Ta turo mana haris, mai gadin gidan, sau biyu. Ni kuwa ba na son abin da zai jawo ido kan gidan da ke da tsohuwa marar takarda. Da hannuna na mirgina turmin nan zuwa baranda, na kife shi, daga baya har bokiti na ɗora a kai. Ban ɗora wa kowa laifin wannan ba, ni na yi. Inna ta koma ɗakinta. Shekara biyu tana zaune a kan sallaya da carbi, ana kawo mata abinci ana ɗauke kwano.

Sai 'yata, autar gidan. Shekararta ashirin da huɗu, tana koyar da motsa jiki a wani nadi na mata, wato inda ake biyan kuɗi don a yi zufa. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa. Hausar da ke fita daga bakinta ba ta wuce “na ƙoshi” da “ba na so” ba. Inna na kiranta Balarabiyar gida, ita kuma tana ce wa Inna Sitti, yadda 'yan nan ke kiran kaka. Tun tana firamare ta daina cin dakuwa. Inna ta ƙulla mata guda uku a leda ta tafi da su makaranta, yara suka toshe hanci suka ce kashin raƙumi ta kawo. Ta dawo da kuka, daga ranar ko kallonta ba ta ƙara yi ba.

Abin da ya ɗaure jakar Inna magana ɗaya ce. Muna share-sharen bayan Sallah, 'yata ta leƙa baranda tana neman inda za ta ajiye keken motsa jikinta, ta ce mini da Larabci, “Ummi, wannan tsohon abin har yaushe zai tare mana wuri? Ba ya aikin komai. A ba haris ya fitar da shi mana.”

Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ce, “To, za a duba.”

Inna na nan a kan sallaya. Ita dai kullum cewa take ba ta jin Larabci, in ban da na sallah da na ciniki. Ƙarya take yi, wallahi. Matar da ta shekara talatin tana faɗa da direbobin tashar Kudai har ta fi su baki! Tas ta ji mu, kuma ba turmi ta ji ana nufi ba.

Washegari na shiga ɗakinta na tarar an sauko da likkafani daga saman kwaba, an shimfiɗa shi a ƙasan jaka, an jera zannuwa a kai.

“Inna, mene ne haka?”

“Tafiya.”

“Ina?”

“Inda na fito. Tsohon abin da ba ya aikin komai ai ba ya jira sai an kira masa haris.”

Na yi rantsuwa, na yi bayani, na ce turmi ake nufi. Ta ce ta sani, ai ita da shi rana ɗaya aka kife su. Nan zuciya ta ɗebe ni, don ni ma ba baya ba ce wajen baki. Na ce, “Wa kika bari a can? Yayyenki duk sun rasu. Gidan an raba gado tun ina goyon fari. Ko kalar naira ba ki sani ba yanzu! Ke da kike cewa ko gawarki ba za ta bar Makka ba?” Ta ce Allah na can ma shi ne na nan. Ta juya mini baya ta ci gaba da jan carbi.

Na tsorata, gaskiya. Na san Inna. In ta ce Juma'a, to Juma'ar ce, ko da rarrafe za ta sauka benen nan. Kuma na san wanda aka fitar ta wannan ƙofar ba ya dawowa, balle mai shekarunta. Mijina ya je ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ta sa masa albarka ta ce ya tashi kar wandonsa ya yi datti. Na gaya wa 'yata abin da bakinta ya jawo, ta yi tsuru-tsuru, ta ce ita ba haka take nufi ba, ta shige ɗaki. Ranar Laraba Inna ta shiga kicin karo na farko cikin watanni, ta soya gyaɗa kusan kwano guda, ta ƙulla a leda ta sa a jaka. Guzuri ne, wai ta ji ana daɗewa a tarhil kafin a samu jirgi.

A cikin wannan halin Alhamis ta zo mana da nata shirmen.

Nadin su 'yata suna da taro da la'asar, na tarbar mata bayan azumi. Kun san irin matan: sun shafe kwana talatin suna ɗura sambusa da soye-soye, yanzu sun taho a guje suna so a cire musu a mako ɗaya abin da suka tara. A mota ake kawo su har bakin ƙofa, su hau lifta, don su je su yi tafiya a kan inji. To 'yata ta yi wa shugabar nadin alkawarin za ta kawo abin taɓawa mai gina jiki, guda ɗari, wanda ta gani a waya. Ta nuna mini. Wata Baturiya ce a wani farin kicin, furanni a taga, tana murmushi tana cewa minti goma an gama, kuma ba a ɗora komai a wuta. Wannan rashin wutar shi ya fi burge 'yata. Sai maimaita mini take, “Ummi, ba wuta fa!” kamar Baturiyar ce ta fara gano ana iya cin abu ba a dafa ba.

Ta jera kayan a kan tebur tun da hantsi. Ga garin shufan, wani hatsi mai kama da alkama, wanda muke miyar azumi da shi. Ga markaɗaɗɗiyar gyaɗa a 'yar kwalba mai rubutun Turanci. Ga zuma. Ga wani farin gari a cikin roba mai girman bokiti, da hoton ƙaton dantse a jiki, wai shi ne furotin. Sannan ga manyan baƙi: ƙananan ƙwai na cakulan masu ɓawon sukari, girman ƙwan kurciya, wasu shuɗi-shuɗi, wasu rawaya, wasu ruwan hoda, duk da ɗigo-ɗigo a jiki. Daga Jidda ta sa aka kawo su, da kular ƙanƙara ta sauka ta tarbe su don kar su narke kafin hawa na uku. Ta ce sau ɗaya ake yin su a shekara, lokacin da furanni ke fitowa. Na ce furanni a ina? Ni a Makka lokaci biyu na sani, lokacin da ake kunna esi kaɗan da lokacin da ake ƙure shi.

Mijina ya zo wucewa shago, ya tsaya ya sa tabarau ya karanta bayan ledar tsaf, yana neman sunan alade. Bai samu ba. Ya ci guda uku don ya ƙara tabbatarwa, ya fita. Daga baya ne na ji ashe ƙwan nan na wani bikin Nasara ne. Ban gaya wa Inna ba har yau, kuma duk wanda ya gaya mata ni da shi ne.

Minti goman Baturiya suka fara. 'Yata ta zuba komai a blanda ta danna. Blanda ta yi gurnani, ta yi tari, ta saki warin ƙonewa, ta mutu. Blandata ce fa, ta markaɗen miya. Ta juye a kwano ta cakuɗa da cokali, ta ɗebo ta dunƙula, ta ajiye a faranti. Kafin ta ɗebo na biyu na farko ya wargaje. Ta ƙara zuma, abin ya koma danƙo, ya maƙale mata har gwiwar hannu. Ta ƙara farin garin, ya koma yashi. Zuma, gari, zuma, gari. Muka tashi daga kwano muka koma roba, daga roba muka koma bahon da nake kwaɓa fulawa. Gyaɗar kwalba ta ƙare tun a zagaye na biyu. Na lakata na ɗanɗana, na ji kamar na lashi bangon da aka yi wa sabon fenti.

“Sake kunna Baturiyar mana,” na ce, “ko akwai wata addu'a da take yi da ba mu ji ba.”

Ba ta yi dariya ba. An kira azahar, shugabarta ta bugo sau biyu, ita kuma tana tsaye a gaban baho da hannuwa dumu-dumu, hawaye na zuba. Ina jin haushinta tun Litinin, amma 'ya 'ya ce, sai na miƙa mata tsumma ta goge hannu.

A daidai nan Inna ta fito alwala, tana dafa bango. Ta wuce ƙofar kicin, ta tsaya, ta dawo da baya. Ta leƙa bahon. Ta sa yatsu biyu ta ɗebo, ta murza, ta sunsuna.

“Wa ya koya muku dakuwa haka?”

“Sitti, ba dakuwa ba,” in ji 'yata da Hausarta mai ɗingishi. “Furotin.”

“Wannan ba gyaɗa nake ji ba?”

“Gyaɗa.”

“Wannan kuma gari?”

“Gari.”

“Da zaƙi a ciki? Kuma dunƙulawa za ki yi?”

Ta ɗaga kai.

“To me ya hana ta zama dakuwa? Daka ce kawai ba ta sha ba. Kin ga, Balarabiyar gida, ba zuma ke riƙe ta ba. Man gyaɗar ne, kuma ba ya fitowa da lallashi. Wancan injin naku yanka yake yi, bai san daka ba.” Ta ɗauki ƙwan cakulan ɗaya ta kai kusa da ido. “Wannan kuma wace tsuntsuwa ce ta yi shi?”

“Alawa ce, Inna,” na ce.

Ta jefa a baki, ta tauna da sauran haƙoranta. Sannan ta goge yatsu a gefen zane. “Ni dai ina ruwana. Ni matafiyiya ce.” Ta juya ta nufi bayi.

Ban ce wa 'yata komai ba, Allah ne shaida. Kallonta kawai na yi. Ita da kanta ta ruga baranda, ta ture bokitin, ta rungumo turmin nan da ta ce a ba haris, ta kinkimo shi har tsakiyar kicin. Ƙurar shekara biyu, da yanar gizo, da wani mataccen kyankyaso. Ta wanke shi sau uku, ta goge, ta nemo taɓaryar a bayan injin wanki. Da Inna ta idar da sallah ta tarar da ita tsaye a ƙofar ɗaki da taɓarya a hannu.

“Sitti, don Allah.”

Inna ta dubi taɓaryar. Sannan ta ce da ni, “Buɗe jakar nan ki ciro mini gyaɗata. Akwai wani ƙullin tsumma a gefen hagu, ki haɗo da shi. Sauran kayan kar ki taɓa mini.”

Aka ɗora turmi a kan bargo ninki huɗu. Inna ta zuba gyaɗar guzurinta, ta yi bismillah, ta ɗaga taɓarya. Sau uku ta sauke, kafaɗarta ta ƙi. Na ga fuskarta a lokacin, kuma ba na son in sake ganin irinta. Na matsa zan karɓa, ta ture ni da gwiwar hannu, ta miƙa wa jikarta.

“Ke da aka ce ƙarfe kike ɗagawa ana biyanki. Bismillah.”

Kai, jama'a! Malamar motsa jiki guda, mai koya wa matan manya yadda ake numfashi, minti biyar ba ta yi ba ta fara haki. Duka take kai wa turmin kamar ta kama ɓarawo, gyaɗa na tsalle har ƙarƙashin firji. Inna ta ja kujera ta zauna, bakinta ya buɗe, irin buɗewar da rabona da ji tun Tandabawi.

“Ba faɗa kuke ba! Ɗaga ki sake ta, ita ta san hanya. Raba ƙafa. Wayyo ni, wannan ko 'yar shekara bakwai a garinmu ta fi ki. Juya ta gefe. A'a, tsakiya za ki nufa, bakin turmin me ya yi miki?”

Sai ga dukan sanda daga ƙasa. Bum, bum, bum. Can kuma sai ƙararrawar ƙofa. Na buɗe, maƙwabciya ce da ɗankwali ɗaure a goshi, ta fara karanto mini ciwon kanta da sunan haris. Shekara biyu ina ce wa matar nan “ki yi haƙuri”. Ranar ban san inda Larabcin ya fito mini ba. Na ce uwata na aiki, kuma sai ta gama. Na ce awa ɗaya ce, da rana tsaka, in kanta ba zai ɗauka ba ga kantin magani nan a bakin titi. Na ce ta kira haris, ta kira mai gidan, in ta ga dama ta haɗa da limamin unguwa. Na rufe ƙofa, na san abin da nake tsoro bai tafi ko'ina ba. Amma na lissafa, matar da za ta kai kanta gobe, me kuma ya rage da zan ɓoye?

Da na koma kicin sautin dakan ya canja, ya daina ƙara ya koma lugude mai laushi. Gyaɗar ta fara sheƙi. Inna na ɗebo yashin Baturiya daga baho da ludayi tana zubawa kaɗan-kaɗan, jikarta na daka, abin na haɗewa yana barin jikin turmi. Ƙwan cakulan kuwa ta hana a zuba sai a ƙarshe. Ta ce abu mai ado ba a kashe shi da duka, taɓawa biyu ya isa, ɓawon ya fashe a ga kalarsa. Ban san inda ta koyi wannan ba, ita da ta fara ganinsu awa ɗaya da ta wuce.

'Yata ta je wanke hannu. Ina kallo Inna ta kwance ƙullin tsummanta, ta ɗebi citta da kanumfari ta watsa, sannan ta cika tafin hannu da dakakken barkono, irin ɗan ƙaramin nan mai sa kunne ƙaiƙayi, ta zuba ta juya da sauri. A wajenta dakuwa ba barkono abincin jarirai ce. Na buɗe baki in ce Inna, matan nadi ne fa, waɗanda ko masoro ya yi yawa sai sun nemi likita. Ta ɗago ta dube ni. Na mayar da bakina na rufe.

Mu uku muka zauna a ƙasa muka dunƙula. Na Inna duk girmansu ɗaya, sumul, ɗigon shuɗi da rawaya na leƙowa. Nawa ba laifi. Na 'yata wasu kamar goriba, wasu kamar tsakuwa. Ko ɗaya bai wargaje ba. Ba ta ɗanɗana ba saboda sauri, ta jera su a faranti, ta rufe, ta zura abaya ta fita.

Gidan ya yi tsit. Inna ta sa na wanke turmin, na tambaye ta ina zan ajiye, ta ce duk inda na ga dama, ba nata ba ne daga gobe. Ta shiga ɗaki ta ƙulle ragowar barkononta ta mayar cikin jaka, ta ja zif. Na zauna a kicin na yi kukana ni kaɗai, ga gawar blanda a gefe.

Ana kiran magariba 'yata ta dawo da faranti wayam. Tun daga ƙofa take magana, Larabci na tuntuɓe da juna. Wai matar farko da ta ci sai da ta yi tari har kwallinta ya zubo, ta shanye gorar ruwa guda, sannan ta miƙo hannu ta ɗauki na biyu. Wai wata mai digiri a harkar abinci ta tashi ta yi wa taro bayani cewa yajin da gangan aka sa, yana ƙona kitse, sabon ilimi ne daga waje. Nan take aka yi wa farantin wawa. Shugabar nadi ta ce kowace Alhamis take so, ta kuma tambayi daga wace ƙasa aka samo wannan fasaha.

“Kika ce mata me?” na tambaya. Na riga na shirya abin da zan gaya mata in ta ce Baturiya.

“Na ce daga Tandabawi.”

Ta cire takalmi ta wuce ɗakin Inna, na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Ta durƙusa a gefen sallaya, kusa da jakar. Ta buɗe tafin hannunta, ashe ta ɓoye guda ɗaya a tishu. A gaban kakarta ta sa a baki, karo na farko tun firamare. Barkonon ya kama ta, idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye da ƙyar. Sannan ta harhaɗo duk Hausar da ta mallaka.

“Sitti, kar ki tafi. Ni ban iya ba. Bakina ba kyau, na sani. Ki zauna.”

Na ɗauka Inna za ta rungume ta. Ina! Cewa ta yi, “Mu ga hannun.” Ta juya tafukan a ƙarƙashin fitila, duk sun yi ƙulu-ƙulu da ruwa, ɗaya har ya fashe. Ta ja tsaki.

“Kwano ɗaya na gyaɗa. Kwano ɗaya tak! Wannan hannun ko shekara goma aka ba shi ban ga alama ba.” Ta saki hannun, ta ɗauki carbinta. “Tashi ki sa man zaitun. Kuma Alhamis mai zuwa ki jefar da wancan farin garin mai hoton dantse, ki nemo mini gero.”

Ranar Juma'a duk da haka na tashi ina sauraron motsinta. Aka yi kiran farko, aka yi huɗuba, aka sauko. Mijina ya dawo daga masallaci ya zauna a falo da takalminsa a ƙafa, ko da za a yi guje-guje. Can Inna ta ƙwala mini kira.

Na same ta ta zazzage jakar a kan gado, zannuwa a gefe ɗaya, ƙullin barkono a gefe ɗaya, har da ƙwan cakulan guda biyar da ban san lokacin da ta soke su ba, ita da likita ya hana sukari. Likkafanin na kan cinyarta, tana gyara masa ninki. Ta miƙo mini.

“Mayar da shi saman kwaba,” ta ce. “Amma kar ki tura shi can ciki kamar wancan karon. Ajiye shi baki-baki, inda hannunki zai kai ba sai kin taka kujera ba.”